Masu jirage sun ce Litinin ba tashi, to ina makomar maniyyatanmu?

Juma'a, 6 ga Mayu 2022

Ɗan Marina: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da Sallah. Wai kun ga takardar da ƙungiyar masu jirage ta AON tah hitar yau? Sun ce daga Litinin 9 ga wata ba jirgin da za shi tashi cikin ƙasar ga, wai man jirgi ya tashi daga naira 190 lita zuwa 700. Ni ba tahiya Abuja ad damuwata ba, tsohuwata ta. Tun 2019 munka zuba mata kuɗɗin Hajji, 2020 ba a tahi ba, 2021 ba a tahi ba, bana Saudiyya ta buɗe sai ga wanga labari. Wanda yas san kan abin ya yi muna bayani don Allah.

Mai Tikiti: Wa alaikumus salam. Ɗan Marina kwantar da hankalinka, wannan rikicin na jiragen cikin gida ne. Jigilar alhazai kwangila ce daban, hukumar alhazai ta ƙasa NAHCON ke ƙulla ta da kamfanoni kuma da dala ake lissafinta, sannan akwai kason da kamfanin Saudiyya irin su Flynas ya saba ɗauka. Waɗanda nake tausaya wa yanzu 'yan Umrar azumi ne da ke dawowa, mutum zai sauka Kano ko Abuja da jirgin waje, to daga nan fa? In ba jirgin Sakkwato sai mota, Funtuwa, Tsafe, Gusau, Mafara, Tureta, kowa ya san abin da ke hanyar nan. Tun la'asar wayata ba ta huta ba.

Ɗan Illela: Barazana ta kawai. So sukai a ba su kuɗɗi.

Mai Tikiti: Ko barazana ce akwai gaskiya a cikinta. Su suka ce a sauran duniya mai yana cin wajen kashi 40 cikin 100 na kuɗin tafiyar da jirgi, a nan ya kai 95, kuma kujera ɗaya a tafiyar awa guda tana tsaya musu a naira 120,000. Ni dai ban rantse a kan lissafinsu ba, kowa in zai yi kuka ƙara wa miya gishiri yake, amma man nan daga waje ake kawo shi tunda matatunmu ba sa aiki, ga yaƙin Rasha da Yukiren tun Fabrairu ya ɗaga farashi, ga dala wajen 415 a banki in ka samu, a bayan fage tana neman 600. A Fabrairun nan ne suka mayar da mafi ƙarancin tikiti 50,000 mutane suka yi ta zagi, yanzu su kansu suna cewa 50,000 ɗin ba ta fitar da su.

Inna ta Mabera: Ku ana maganar mai, mu namu ya hi haka. Maigidana shekara 67, da anka tahi 2020 da ya samu, yanzu sun ce duk wanda yak kai 65 ba shi zuwa. Bawan Allah ga shanu biyu yas saida, yau shekara ukku shina jira, shi da kanshi yat tai yay yi rigakahi har sau biyu don kada a ce ga dalili. Ranar da anka hwaɗi sharuɗɗan ga ko tuwo bai ci ba.

Nas ta Gwiwa: Allah sarki Inna, Allah ya ba Baba haƙuri ya kai shi baɗi da rai da lafiya. Sharuɗɗan bana uku ne, ƙasa da shekara 65, cikakken rigakafin korona, da gwajin korona na PCR da aka yi cikin awa 72 kafin tashi. Mutum miliyan ɗaya kawai za su karɓa gaba ɗaya, alhali a 2019 an kusa miliyan biyu da rabi. Mu Najeriya kujera 43,008 aka ba mu maimakon 95,000 da aka saba, ga kuma mutanen shekara biyu a layi. Ko babu maganar shekaru ba kowa zai samu ba.

Inna ta Mabera: Amin ɗiyata, na gode.

Ɗan Illela: Aunty Nas ki yi haƙuri hwa, amma gwajin ga ni kasuwanci nig gani. Ni a bakin iyaka nike, anka ruhe boda Agusta 2019 don shinkahwa, korona taz zo tat tarad da ita a ruhe, sai Disamba 2020 anka buɗe, amma duk tsawon lokacin ga ba ranar da mutane ba su ƙetara Ƙonni ba, bisa babur, bisa jaki, da ƙahwa. Wa yas soka musu tsinke a hanci? Sai mai shiga jirgi za a ce kawo dubu hamsin a gwada ka kahin ka tashi, ka sabka a ce kawo wasu dubu hamsin. Cutar jirgi kaɗai taka shiga?

Nas ta Gwiwa: Ƙanena ai da jirgi ta zo mana. Na farko da aka samu a ƙasar nan, 27 ga Fabrairu 2020, ɗan Italiya ne da ya sauka Legas. Mai babur daga Ƙonni zuwa Illela iskar gari ɗaya suke shaƙa, abin da ke nan shi ke can, amma jirgi cikin awa shida zai ɗauko maka nau'in da ba ka da shi daga Landan ya ajiye maka a Abuja. Kuma ka tuna lokacin babu rigakafi, sai 2 ga Maris 2021 kashin farko na AstraZeneca ya sauka, kusan miliyan 4 ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Mu da muke cikin asibiti muna ganin yadda ake neman tukunyar iskar oksijin ba za mu ce wasa ne ba. Inda zan yarda da kai shi ne tsada da kuma yadda aka bar abin ya lalace. Legas 50,400 ake biya, ka biya a shafin gwamnati kuɗi su fita lambar QR ta ƙi fitowa, ka je filin jirgi a ce ba ka tashi. Shi ya buɗe ƙofar takardun bogi.

Alhajin Tsohuwar Kasuwa: Takardun bogi kam na gani da idona. Bara zan tafi sarin kaya, a ƙofar wani ɗakin gwaji wani yaro ya tare ni, ya ce Alhaji in ba ka son tsinken nan kawo rabin kuɗi in kawo maka sakamako nan da awa ɗaya har da hatimi. Na ce masa a'a, ba don tsoron Allah kaɗai ba, tsoron kada a kama ni a ƙasar mutane. Amma a gabana mutum biyu suka ba shi.

Malamin Danfodiyo: To kun ga inda matsalar take. Irin wannan ne ya sa Daular Larabawa ta ce a farkon 2021 sai an ƙara wani gwajin gaggawa a filin jirgi kafin a shiga Emirates, gwamnatinmu ta ce ba ta yarda ba, aka yi wata da watanni babu jirgin Dubai. Da aka daidaita kuma a Disamba sai rigimar Air Peace da gurbin sauka a Sharjah ta taso, ministan sufurin jiragen sama Hadi Sirika ya rage wa Emirates tashi daga 21 a mako zuwa ɗaya. Wato rabin abin lafiya ne, rabin kuwa siyasa da ramuwar gayya.

Alhajin Tsohuwar Kasuwa: Malam mu muka ji a jikinmu. Lokacin nan sai dai ka zagaya ta Kwatano ko Akara, ka biya otal ka biya wani gwajin, kuɗin da za ka sari kaya da shi rabi ya tafi a hanya. Sannan mata su zo shago su ce Alhaji ka cika tsada. Ni yanzu ta waya nake sari, a turo hoto in zaɓa, in kaya sun zo wani lokaci launin daban.

Ɗan Marina: Malan yajin aikin ASUU ya ba ku hutu shi yas sa kullum kana nan kana ba mu lacca kyauta.

Malamin Danfodiyo: Tun 14 ga Fabrairu muke gida, in ban koyar da ku ba wa zan koyar. Amma barin wasa, ramuwar gayyar nan wani lokaci ina goyon bayanta. Da aka buɗe jiragen waje 5 ga Satumba 2020, bayan rufewa tun 23 ga Maris, Najeriya ta hana Air France da KLM da Lufthansa da Etihad sauka saboda ƙasashensu ba sa barin 'yan Najeriya shiga, kuma daidai ne. Dubi abin da aka yi mana a kan Omicron, sabon nau'in korona. Afirka ta Kudu ce ta gano shi ta faɗa wa duniya a Nuwamba 2021, ladanta shi ne aka rufe mata ƙofa, Ingila ta sa mu a jan layi 6 ga Disamba, wanda ya sauka sai ya biya fam 2,285 na killacewa a otal, Saudiyya ma ta dakatar da jiragenmu. Alhali daga baya Holan ta gano nau'in yana cikin samfuran da ta ɗauka tun kafin sanarwar Afirka ta Kudu. 15 ga Disamba Ingila ta soke jan layin da kanta don cutar ta riga ta cika musu gari. Kwana tara. Wanda ya biya kuɗin otal a kwanakin nan me ya saya?

Nas ta Gwiwa: Nan ba mu da saɓani Malam, WHO ma ta ce rufe ƙofa ga ƙasa sukutum ba ya hana yaɗuwa, sai dai ya sa gobe wata ƙasa ta ɓoye abin da ta gano.

Asabar

Baba Injiniya: Salamu alaikum. Jiya na yi barci da wuri, sai da sahe jikata tak karanta mani abin da kunka rubuta. Yarana duk kun yi magana mai kyau amma kun tsaya ga hanci da takarda. Ni da niy yi rayuwata ƙarƙashin cikin jirgi da sifana a hannu, in anka ce a buɗe tahiya lahiya, ba korona ka hwara zo mani a rai ba. Iskar cikin jirgi ta hi ta ɗakin taro tsabta, duk minti biyu zuwa ukku aka sauya ta, rabi daga waje rabi ta bi ta matatar da aka kira HEPA wadda ka kama kusan duk ƙwayar cuta. In za ka ɗauki cuta ga layin awon kaya za ka ɗauke ta, ko cikin bas ɗin da ka kai ku bakin jirgi, ko sansanin alhazai inda aka kwana bisa tabarma guda. Abin da ka ba ni tsoro shi na jirgin da yay yi wata da watanni a ajiye da kamfanin da aljihunai ya bushe. Ko motarka ka aje wata shida ba ka tada ta ba, ba ka ɗaukar iyali ka hau hanyar Kabi da ita ranar hwarko. Jirgi in ya zamna taya na lotsewa gehe guda, ruwa na taruwa cikin tankin mai ya yi dattin da ka toshe matata, tsuntsu na sheƙa cikin inji, zanzaro na gina ɗakinai cikin ɗan bututun da ka auna gudun jirgi, bututun ga bai hi yatsa ba amma in ya toshe matuƙi bai san gudun da shikai ba. Shi kanshi matuƙin doka ta ce sai ya tashi ya sabka sau ukku cikin kwana 90 kahin ya ɗauki hwasinja, ga jarabawar na'urar koyon tuƙi duk wata shida, kuma mahi yawan namu waje suka zuwa yin ta, da dala. Babban gyara shi ma mahi yawa waje aka kai jirgi, da dala. Kayan gyara dala, inshora dala, hayar jirgi dala, tikiti kuwa naira. To in mai ya cinye kuɗɗin, daga ina kuka zaton za a hwara ragewa? Ba daga man ba dai, jirgi ba ya tashi da addu'a kaɗai.

Ɗan Marina: Baba wallahi ka sa jikina ya yi sanyi.

Baba Injiniya: Ba don in tsorata ku na ba ɗana. Amma mu Sakkwatawa ba mu da uzurin mantuwa. 11 ga Yuli 1991 yawancinku ba a haihe ku ba ko kuna goye. Jirgi DC-8 na wani kamfanin Kanada, Nationair, wanda anka yi haya shina jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi Jidda za shi Sakkwato. Mutum 261, ba wanda yah hita. Kun san mi yak kashe su? Iskar taya. Tayu biyu ba su da isasshiyar iska, makaniki ya gani tun kwanaki kahin nan, da sahen ranar ya nemi iskar naitirojin da aka sa ma tayar jirgi ba a samu nan kusa ba, mai kula da jigilar bai son a ƙara makara sai yac ce a tahi hakanan. Suna gudu bisa titin tashi tayu biyu na ƙahwar hagu sunka hwashe, ƙarhe na gogar kwalta wuta tak kama, matuƙi bai sani ba ya naɗe ƙahwahun cikin jirgi, wato ya ɗauki wutar ya sa cikin cikinai. Sun juyo za su sabka ba su kai ba. Ba hadari, ba harbi, ba cuta. Gaggawa da matsin lokaci. Ni na je gaisuwa gida ya hi a ƙirga a makon nan, wani gida mutum ukku. Shi yas sa da nij ji an ce bana lokaci ya ƙure, sai 9 ga Afrilu Saudiyya tas sanar kuma Arfa farkon Yuli, ga kamfanoni na kukan kuɗɗi, sai gabana yaf faɗi.

Inna ta Mabera: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ka tuna muna. Ƙanen mahaihiyata na ciki, ko gawa ba mu gani ba, can anka rufe su. Allah ya jiƙansu.

Malamin Danfodiyo: Amin. Ga kuma 29 ga Oktoba 2006, jirgin kamfanin ADC daga Abuja zuwa nan, mutum 96, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da mataimakin gwamna da sanatoci biyu. Shi ma an tashi ne cikin mummunan yanayi, iska ta buge shi jim kaɗan bayan tashi. Allah ya gafarta musu. Amma Baba a yi adalci, bayan haɗurran 2005 da 2006 an gyara abubuwa da yawa, an ba hukumar kula da sufurin jiragen sama NCAA 'yanci a doka, an tilasta wa kamfanoni ƙara jari, har Amurka ta ba mu matakin farko na amincin jirage a 2010. Ba kamar da ba ne.

Baba Injiniya: Gaskiya ta Malan, an gyara, ban musa ba. Yaran da ka duba jirage yanzu sun hi mu karatu. Amma doka takarda ta, mutum ka sa hannu. Makanikin da ba a biya albashi wata ukku ba, manaja na tsaye bisa kainai alhazai na zage-zage a sansani, shi na za ya ce wanga jirgi ba ya tashi? Sai mai ƙarhin zuciya. Ku dubi Pakistan, kwanaki kaɗan da buɗe jiragensu bayan kullen korona, 22 ga Mayu 2020, jirgin PIA yaf faɗi cikin unguwa a Karachi, kusan mutum ɗari, ministansu da bakinai ya ce matuƙan hirar korona sukai hankalinsu bai ga aiki ba.

Ɗan Illela: To Baba in hakanan na ai gwamma su tsaya ɗin da su tashi da mu bisa dabara.

Baba Injiniya: Ka gane ke nan. Ni kamfanin da yac ce ba ni iyawa na aje, ya hi mani wanda yac ce komi lahiya alhali ba lahiya ba.

Mai Tikiti: Baba Allah ya ƙara girma, amma in suka tsaya mu ma mun tsaya. 2020 wata biyar ban sayar da tikitin waje ko ɗaya ba, yara biyu da ke min aiki na sallama, ɗayan yanzu kabu-kabu yake a Gawon Nama. Kuma ba mu kaɗai ba, ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya IATA ta ce kamfanonin sun yi asarar dala biliyan 137.7 a shekarar, fasinja ya faɗo daga biliyan 4.5 zuwa 1.8. Bambancin shi ne Amurka da Jamus da Faransa sun zuba wa nasu biliyoyin dala, namu naira biliyan 4 aka raba musu su duka. Yanzu kuma wata sabuwa, kamfanonin waje sun sayar da tikiti da naira, CBN ba ta ba su dalar da za su kai gida ba, ɗaruruwan miliyoyin dala sun maƙale, sai suka rufe mana kujeru masu araha a kwamfuta. Ka buɗe ka ga jirgi da sauran wuri amma sai mai tsadar za ka iya yanka. Mutum ya zo ya ce bara nawa na biya, in faɗa masa na bana ya ɗauka ni ne ɓarawon.

Alhajin Tsohuwar Kasuwa: Ai dama kai ne, hhhh. Wasa nake. Ni tambayata ɗaya, filin jirginmu sunansa na ƙasa da ƙasa, Sultan Abubakar III, amma in ba lokacin Hajji ba yaushe ka ga jirgin waje a nan? Kano ma da take cibiyar kasuwancin Arewa sai 5 ga Afrilu 2021 aka buɗe mata jiragen waje, wata bakwai bayan Legas da Abuja. Wata bakwai muna biyan kuɗin jirgi biyu kafin mu bar ƙasa. Ga hazo in ya sauko Disamba da Janairu sai ka yini a filin jirgi a ce ba a ganin titi, ka koma gida da jakarka.

Malamin Danfodiyo: Hujjar da suka bayar lokacin ita ce ma'aikatan lafiya da wuraren gwaji ba za su isa a buɗe ko'ina lokaci ɗaya ba, har ƙayyade fasinja suka yi, 1,280 a rana a kowane fili. Ko ka yarda ko kar ka yarda. Amma maganar jirgin waje a Sakkwato Alhaji sai da fasinja, ba wanda zai kawo jirgi mai kujera 200 ya ɗauki mutum 30.

Ɗan Marina: Wai ina Nigeria Air, kamfanin jirgin gwamnati da anka ce Afrilu za ya hwara? Ga mu cikin Mayu.

Ɗan Illela: Tun 2018 anka nuna tambarinai a Ingila. Tambarin na nan lahiya lau, bai taɓa makara ba, bai taɓa hwaɗuwa ba.

Admin: Jama'a a yi hattara kada mu koma siyasa, kun san dokar gidan nan.

Ɗan Illela: Admin ba siyasa ba ta, yabo na. Ni dai shawarata in abin ya ƙi a koma hanyar kakanni, ta Barno a bi Chadi a shiga Sudan a hau jirgin ruwa, ga danginmu can Mai Wurno sai a yada zango.

Inna ta Mabera: Kai ɗan nan ba ka da dama. Waɗanda sunka bi hanyar ga wasu shekara bakwai sunka yi, wasu ba su dawo ba har yau jikokinsu na can.

Nas ta Gwiwa: Bari in dawo da mu kan abin da za mu iya yi, don mai da dala ba a hannunmu suke ba. Duk mai maniyyaci a gida ya duba katin rigakafinsa yau ba gobe ba. Da yawa sun yi allurar farko sun ɓace, wasu kuma sunan da ke katin daban da na fasfo, an rubuta Hauwa'u a nan an rubuta Kulu a can, ko an juya sunan uba da na kaka, kuma kwamfutar Saudiyya ba ta san Kulu ita ce Hauwa'u ba. Gyaran nan yana ɗaukar kwanaki. Sannan katin shawara da na sanƙarau suna nan yadda aka saba, korona ba ta soke su ba. Na ƙarshe wanda ya fi damuna, gwajin awa 72. In aka gwada mutum a sansani aka ce gobe tashi, jirgi bai zo ba sai bayan kwana huɗu, sakamakon ya mutu, sai a sake, wa zai biya? Kuma a kwana huɗun nan yana cuɗanya da ɗaruruwan mutane da 'yan rakiya da masu sayar da abinci. Baba ya ce kar a yi gaggawa, ni kuma ina cewa jinkiri ma yana da nasa haɗarin, dole hukumar alhazai ta haɗa lokacin gwaji da lokacin da jirgi ya tabbata yana ƙasa.

Baba Injiniya: Ɗiyata maganarki dutse. Amma in zaɓi ya zo tsakanin sake gwaji da tashi da jirgin da makaniki bai gamsu da shi ba, a sake gwajin sau goma. Kuma ku gaya ma tsohinku in anka ce jirgi ya samu matsala ana gyara, kada su shiga cikin masu tada hayaniya da tare ƙohwa. Hayaniyar ga ita ka sa a sa hannu ga abin da bai kamata ba.

Ɗan Marina: Aunty Nas na duba, katin tsohuwa allura biyu ta yi amma shekarar haihuwa ta sha bamban da ta hwasfo da shekara guda. Matsala ta?

Nas ta Gwiwa: Matsala ce babba tunda bana shekaru ake dubawa. Ka koma inda aka yi mata allurar da fasfo ɗin a hannu ranar Litinin da sassafe, a gyara a kwamfuta ba a kan katin da biro ba.

Alhajin Tsohuwar Kasuwa: Kuɗin kujerar fa, an tsayar? Na ji ana maganar miliyan biyu da rabi.

Mai Tikiti: Abin da ake hasashe ke nan Alhaji, daga wajen miliyan ɗaya da rabi a 2019. Wanda ya ajiye kuɗinsa tun lokacin sai ya nemo cikon kusan miliyan guda cikin 'yan makonni, ana tsakar shirin damina ga taki ya yi tsada. Ina jin da yawa da kansu za su janye tun kafin a zo maganar kujera ba ta isa ba.

Lahadi

Malamin Danfodiyo: Da alama haɗin kan nasu ya fara warwarewa, Ibom Air ta ce ita ba ta cikin yajin, wasu ma sun bi bayanta.

Ɗan Illela: Ban hwaɗa muku ba?

Mai Tikiti: To jama'a ta tabbata, AON ta janye, sun ce gwamnati ta roƙe su za a zauna a tattauna maganar man. Gobe akwai tashi.

Baba Injiniya: An rage kuɗɗin man?

Mai Tikiti: A'a Baba, zama dai za a yi.

Baba Injiniya: To.

Alhajin Tsohuwar Kasuwa: Mai Tikiti nema min Abuja gobe, kujera ɗaya, ta gaba-gaba in da hali.

Mai Tikiti: Gobe ta cika tun ɗazu Alhaji, 'yan Umra da masu komawa aiki bayan Sallah sun kwashe, sai Laraba. Ka kira ni in faɗa maka kuɗin a waya, in na rubuta a nan Ɗan Illela ba zai bar ni in yi barci ba.